Ma'aunin Da Ake Auna Sababbin Mawaƙa a Gasannin Intanet

Tun da wayar hannu mai kyamara ta zama ruwan dare a biranen Najeriya, wata irin gasa ta samu gindin zama a tsakanin matasa masu sha'awar waƙa, wadda ba ta buƙatar zaure ko dandamali ko kuɗin mota. Wani fitaccen mawaƙi, ko kamfani, ko mai situdiyo yakan saki kiɗa marar murya, ko ya ba da jigo, ya ce duk mai jin zai iya ya ɗora tasa waƙar, ya ɗauki kansa a gajeren bidiyo, ya sa a Instagram ko TikTok ko Facebook. Don Jazzy ya yi haka a 2011 da wani kiɗa da ya kira Enigma, kuma a 2018 Mr Eazi ya buɗe shirin emPawa, inda aka zaɓi sababbin mawaƙa 100 daga bidiyon da suka sa a Instagram, aka ba kowannensu dala 3,000 don ya ɗauki bidiyon waƙarsa. A shekarar ce kuma Rema, yana matashi a birnin Benin, ya ja hankalin D'Prince da baitocin da ya ɗora a kan kiɗan wata waƙar D'Prince ɗin. Irin waɗannan labarai su ne ke sa yaro ya tara kuɗin data da na situdiyo, yana fatan shi ma tasa ranar za ta zo.

Narayi, wadda ke kudu da Kogin Kaduna a Ƙaramar Hukumar Chikun, kusa da Barnawa, wuri ne da ya dace a duba wannan al'amari daga cikinsa, domin salon waƙa iri-iri sun yi cuɗanya a can fiye da yadda ake gani a yawancin unguwanni. Rikice-rikicen 2000 da 2002 sun sauya zaman garin Kaduna, har akasarin Kiristoci suka tattara a kudancin kogi, kuma a unguwanni irin Narayi da Sabon Tasha ana samun Gbagyi da Bajju da Atyap da Ham da Adara da wasu da dama, waɗanda Hausa ce harshen da ke haɗa su a kasuwa da coci. Matashin da ya tashi a nan ya saba da waƙoƙin zumuntar mata da ake rerawa da kiɗan tulu, da muryoyi huɗu na ƙungiyar mawaƙan coci, da waƙoƙin Panam Percy Paul da Solomon Lange, sannan yana jin gambarar zamani irin ta DJ AB, wanda ɗan Kaduna ne, da waƙoƙin soyayya na Umar M. Shareef, wanda shi ma ɗan garin ne, ga kuma kiɗan Legas da ke tashi a kowane shagon aski. Idan ya zauna zai tsara waƙa, duk waɗannan suna cikin kunnensa, kuma abin da zai fitar ba lallai ne ya faɗa cikin gurbi ɗaya da masu gasa suka tanada ba.

Tsara waƙa aiki uku ne da ake haɗawa wuri guda: akwai baitoci, wato kalmomin da saƙonsu, akwai karin murya, wato hawa da saukar da ake rera baitocin a kansa, akwai kuma kiɗan da ke ɗauke da su. A situdiyon Arewa, tun zamanin da fiyano samfurin Yamaha ta mamaye waƙoƙin fim a ƙarshen shekarun 1990, an saba mawaƙi ya zo da baitocinsa da karin muryarsa, makaɗin situdiyo kuma ya yi masa sauran. Mawaƙin ya tsaya ya rera amshi sau biyu ko uku, makaɗin yana lalubo madannin da ya dace da muryar, sannan ya buɗe FL Studio a kwamfuta ya shimfiɗa ganga, ya ɗora jita, daga bisani ya bi muryar da Auto-Tune, manhajar da ke miƙar da duk inda murya ta kauce. Wanda ya biya kuɗin zama mai tsawo a situdiyo mai kyawawan na'urori zai fito da sauti mai kauri da ƙarfi, wanda kuma ya ɗauki tasa a ɗaki da waya, janareton maƙwabta yana ruri, zai fito da sauti siriri ko da baitocinsa sun fi na kowa. Masu haɗa sauti sun daɗe da sanin cewa kunne yakan fifita abin da ya fi ƙara ko da bambancin kaɗan ne, don haka gasar da ta ce tana neman gwanin tsara waƙa, alhali ba ta raba waɗannan sassa uku ba, takan ƙare da ba aljihun mawaƙi ko gwanintar makaɗinsa lada.

Babbar matsala ta fi fitowa a wajen ƙuri'a. Yawancin waɗannan gasanni suna barin hukunci, ko wani ɓangare nasa, a hannun jama'a, ta hanyar ƙirga waɗanda suka danna alamar so ko suka yaɗa bidiyon, kuma a ido wannan ya yi kama da adalci tunda kowa na da baki. Wani gwaji da Matthew Salganik da Peter Dodds da Duncan Watts na Jami'ar Kolombiya ta Amurka suka wallafa a mujallar Science a 2006 ya nuna inda gizo ke saƙa. Sun sa waƙoƙi 48 na makaɗan da ba a san su ba a gaban mutum fiye da 14,000, suka raba su rukuni-rukuni. Rukuni ɗaya ba ya ganin zaɓin kowa, sauran rukunoni takwas kuwa kowane mutum yana ganin sau nawa waɗanda suka gabace shi suka sauke kowace waƙa. A inda ake ganin zaɓin wasu, waƙar da ta yi sa'ar samun masoya da wuri sai ta yi ta yin gaba, har aka samu waƙa ɗaya, wadda ingancinta tsaka-tsaki ne, ta zo ta ɗaya a wani rukuni, ta zo ta 40 a wani. Waƙoƙi mafi kyau ba su cika faɗuwa ƙasa warwas ba, mafi rauni ma ba su cika hawa sama ba, amma duk abin da ke tsakani sa'a ce ke juya shi. A gasar da lambobin ke bayyane a ƙarƙashin kowane bidiyo, wanda yake da dubban mabiya tun kafin a fara, ko babbar majami'a da za ta tashi tsaye a kansa, ko kuɗin sayen mabiyan bogi, ya riga ya yi rabin tafiya.

Fifita wani salo a kan wani kuwa ya fi wannan wuyar kamawa, domin mai yinsa ba ya jin ya yi son kai. Masanin halayyar ɗan'adam Robert Zajonc ya nuna tun 1968 cewa yawan cin karo da abu kaɗai yana ƙara wa mutum son abin, kuma kunne ma haka yake: abin da ya saba ji shi yake kira mai daɗi. A wajen jama'a da yawa a Kano da Katsina da arewacin Kaduna, waƙar Hausa ta zamani ita ce nanaye, wato salon waƙoƙin fim da bukukuwa, mai muryar namiji da mace suna amsa wa juna a kan kiɗan fiyano, irin wanda Nura M. Inuwa da Hamisu Breaker suka shahara da shi. A wajen masu shirya gasa daga Legas kuwa, waƙar Najeriya ita ce Afrobeats, da Turancin buroka da ɗan yayyafin Yarabanci. Yaron Narayi da ya tsara waƙar yabon Ubangiji da Hausa a kan jita, ko ya cuɗa Hausa da Gbagyi a cikin gambara, yana tsakanin ɓangarori biyu da kowanne ke ganin ba nasa ba ne: masu ƙuri'ar farko za su ce Hausarsa da kiɗansa ba irin nasu ba ne, na biyun kuma ba sa jin abin da yake faɗa balle su auna baitocinsa. Wannan asara ce ta gaske, domin daga irin wannan cuɗanya Jeremiah Gyang na Jos ya fito, mawaƙin da kamfanin Chocolate City ya fara ɗauka, wanda ya nuna cewa waƙar Hausa mai tushe a coci tana iya ratsa ƙasar baki ɗaya.

Su kansu shafukan sada zumunta suna da nasu son kan. Abin da ke yaɗuwa a TikTok shi ne daƙiƙoƙi kaɗan masu sa rawa, kamar yadda aka gani da Jaruma ta Hamisu Breaker a 2020 da Warr ta Ado Gwanja a 2022. Waƙar da ke ginuwa a hankali, irin ta bege ko ta wa'azi ko ta mai gurmi da ke jan labari baiti bayan baiti, an yanke mata hukunci tun daga sharaɗin a yi gajeren bidiyo. Da a ce da wannan ma'auni aka auna Ɗan Maraya Jos da kuntiginsa, da wuya ya tsallake zagayen farko.

Ba a kuma tsira ba don kawai an damƙa hukunci ga ƙwararru. Victor Ginsburgh da Jan van Ours sun duba sakamakon gasar Sarauniya Elizabet ta birnin Burasel, ɗaya daga cikin manyan gasannin masu kaɗa fiyano a duniya, suka wallafa a 2003 cewa waɗanda ƙuri'a ta sa suka yi wasa daga baya sun fi samun matsayi mai kyau, alhali jerin fitowar sa'a ce zalla. A 2013 Chia-Jung Tsay ta nuna cewa mutane, har da ƙwararrun makaɗa, sun fi iya cankar wanda ya ci gasa idan suka kalli bidiyo marar sauti fiye da idan suka saurari sautin kaɗai, abin da ke nuna cewa ido na yin alƙalancin da ake zaton kunne ke yi. Gasar Eurovision ta ƙasashen Turai, bayan shekaru ana kukan maƙwabta na zaɓen juna, ta koma raba makin zagayen ƙarshe tsakanin jama'a da alƙalai a 2009. Darasin da ke ciki shi ne kowane tsari yana da ɓaraka, kuma sai an san inda take sannan a toshe ta.

Abin da ya fi ciwo, duk da haka, shi ne yadda mai shiga gasa ke fita hannu rabbana ta fuskar ilimi. Cikin ɗaruruwan da za su shiga, mutum ɗaya ko uku ne za su ci, saura kuwa ribar da za su iya samu ita ce a faɗa musu inda suka yi daidai da inda suka kauce. Abin da suke samu a ƙarƙashin bidiyonsu shi ne jerin hoton wuta, da "Allah ya ƙara basira" daga 'yan uwa, da "ka koma makaranta" daga waɗanda suka zo zaɓen abokin hamayya. Addu'ar tana da kyau, zagin yana da zafi, amma babu ɗayansu da ke koya wa mutum komai. Gyara na gaske yana nuna wuri ne takamaimai: a ce amshin ya yi tsawo har mai sauraro ba zai iya riƙe shi ba, ko amsa-amon, wato sautin da ƙarshen layuka ke haɗuwa a kansa, ya karye a baiti na uku, ko karin muryar ya ja gaɓar da take gajera. Wannan na ƙarshen babba ne a Hausa, harshen da tsawon wasali ke sauya ma'ana. Mawaƙin da ya ja gaɓar farko ta gari yana nufin birni, sai a ji kamar garin tuwo yake faɗa. Marigayi Russell Schuh na Jami'ar Kalifoniya ya yi shekaru yana nazarin yadda mawaƙan Hausa ke daidaita gaɓa mai nauyi da marar nauyi da bugun kiɗa, kuma alƙalin da ba ya jin harshen ba zai gane an kiyaye wannan ƙa'ida ko an karya ta ba.

Irin wannan gyara ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa ko a Narayi. Makaɗan gargajiya sun koyi sana'arsu ne a bayan ubangida, suna 'yan amshi shekara da shekaru, ana tsawata musu idan suka shigo kafin lokaci. Marubuta waƙa a Kano sun kafa ƙungiyoyi irin Hikima Kulob ta Mudi Sipikin da Hausa Fasaha ta Aƙilu Aliyu, inda masu abu suke jin aikin juna. A cocin unguwa kuma, da yammacin ranar gwaji, shugaban mawaƙa yakan ɗaga hannu ya tsai da kowa a tsakiyar layi, ya sa masu ƙaramar murya su maimaita su kaɗai har sai sun daidaita, sannan ya dawo da sauran. Gasar intanet ta ɗauki yabo da kyauta daga waɗannan tsofaffin hanyoyi, ta bar horon a baya.

Gyaran tsarin bai fi ƙarfin masu shiryawa ba. Ana iya karɓar sauti kaɗai a zagayen farko, da lamba a madadin suna, a daidaita ƙarar duka waƙoƙin, a kuma sauya jerin da kowane alƙali zai saurare su. Ana iya ba baitoci makinsu daban, karin murya daban, kiɗa daban, a ware wa zaɓin jama'a kyautarsa ta musamman, a ɓoye lambobin har sai an rufe ƙuri'a. Gasar Hikayata ta gajerun labarai, wadda Sashen Hausa na BBC ya fara a 2016, ta nuna cewa ana iya karɓar aiki ta intanet a bar hukunci ga alƙalan da suka san fannin. Raba gasa salo-salo yana taimakawa, amma yana da nasa haɗari, domin mai cuɗa salo biyu zai sake rasa gurbi. Abin da ya fi shi ne teburin alƙalai ya haɗa mai nanaye da mai gambara da shugaban mawaƙan coci da makaɗin gargajiya, kowa ya rubuta layi uku a kan kowace waƙa, a tura wa mai ita. Kamfanin da ya karɓi waƙoƙi dubu zai ce wannan ya yi masa yawa, amma ƙungiyar matasan coci ko situdiyon unguwa da ya karɓi talatin ko arba'in yana iya gama shi a mako guda, a rukunin WhatsApp ɗaya, da alƙalai huɗu da aka ba su ladan zamansu.