Ba a fafe gora ranar tafiya: gyara jikinka kafin ruwa ya sauka



Yanzu rani ne. Ka kai hauyarka wurin maƙeri an gyara mata baki. Ka ware irin shibka ka ɓoye inda ɓera ba ya kaiwa. In kana da sa ko jaki, kana ba shi harawa don kada damana ta iske shi da rama. To, jikinka fa, wanda shi ne zai riƙe hauyar? Me ka yi masa?

Wannan magana ta fi shafarka in shekarunka sun kai 40 zuwa 60. A shekarar 1975 aka yi kokowar ƙasa ta farko a Tawa, inda Yakuba Ango Kantu na Maraɗi ya ɗauki takobi. Jaririn da aka haifa a wannan shekara ya cika 50 a 2025. Shi ne mai gida yau. Shi ne ke riƙe da gandu, samari kuwa da yawa sun tafi cin rani, wani Kano, wani wajen zinariya can arewa, wani ba ya komowa sai an gama noman fari.

Abin da na gani da idona

Ni malamin gona ne, aikina zagaya gonaki. Bara na san wani magidanci mai shekara kamar 50, ƙaƙƙarfa, wanda da can in an yi gayya shi ke gaba. Ɗiyansa maza biyu ba su gida. Tun da aka rufe rumbu yake zaune gindin bedi, daga hira sai shayi. Ruwan farko ya sauka da dare. Da asuba ya ɗauki sungumi, bai aje ba sai magariba. Wanshekare ya duƙa zai ɗora buhu bisa amalanke shi kaɗai, sai ƙugunsa ya riƙe. Kwana 12 yana kwance. Kafin ya miƙe, maƙwabta sun gama shibka, laima ta gudu. Noman fari ma a makare ya yi shi, ciyawa ta rigaya ta shaƙe hatsi. Sai da aka sai da akuyar matarsa aka biya ƴan barema. Da kaka, damman da ya ɗaura ba su kai shi bazara ba. A wannan shekara ruwa ya wadata, fara ba ta zo ba, ƙuduji bai fi na kullum ba. Ƙugu ne ya cinye gonar.

Me ke faruwa ga jiki?

Masu binciken lafiya sun auna sun gano cewa daga shekara 30, naman jiki mai aiki, wato tsoka, yana raguwa da kashi 3 zuwa 8 cikin 100 a kowace shekara 10. Bayan shekara 60 raguwar tana ƙara sauri. Gaɓoɓi su ma suna ƙagewa, kamar guga na fata da aka bari cikin rana ba a jiƙa ba. Abin da ke gaggauta wannan shi ne zama.

Za ka ce: ni manomi ne, wa zai koya mini motsa jiki? Gaskiya ne, babu mai zaman ofis da ya kai ka wahala. Amma duba yadda shekararka take. Wata huɗu ko biyar kana aikin da ya fi ƙarfin jiki, kuma a daidai lokacin da rumbu ya yi ƙasa, fura ta tsinke. Daga nan wata shida ko bakwai aiki ya ragu ƙwarai. Saurayi yana jure wannan hawa da sauka. Kai da ka ba 40 baya, abin da zaman rani ya cire maka ba ya komowa cikin kwana ɗaya don an yi ruwa. Ban da haka, aikin gona hanya ɗaya yake bi da jiki. Mai hauyar tsaye kullum tura yake yi da kafaɗa ɗaya. Mai kwashe kullum a duƙe yake. Wani gefe ya gaji, wani gefe bai yi komi ba.

Ana cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Wannan gaskiya ce ga icce. Jikin mutum kuwa yana amsa horo har tsufa. A 1990, a birnin Boston na ƙasar Amurka, likitoci sun ɗauki tsofaffi 10 masu shekara wajen 90, suka sa su ɗaga nauyi da ƙafa sau 3 a sati. Bayan sati 8, ƙarfin ƙafar waɗanda suka kai ƙarshe ya ninka fiye da sau biyu. In ɗan shekara 90 ya samu, kai mai 50 ba ka makara ba.

Aikin rani shi ne horon farko

Hukumar Lafiya ta Duniya ta faɗi a 2020 cewa babban mutum yana bukatar aƙalla minti 150 na motsi mai sa numfashi ya ɗan hau a kowane sati, da kwana 2 na aikin ƙarfafa tsoka. Minti 150 shi ne rabin awa a rana, kwana 5. Ga yadda za ka gane ka kai ma'auni: kana iya magana da abokin tafiya, amma ba ka iya rera waƙa.

Ba sai ka nemi fili ko ƙwallo ba. Gonarka tana jiran wannan rabin awa. Kai taki kaɗan kaɗan kowace safiya, maimakon ka jira bazara ka kwashe shi rana ɗaya. Yi sassabe a hankali, kana gyaran ƴan itatuwan da suka toho, kana barin rassa masu ƙarfi. Shimfiɗa kara a wuraren da iska ta share. In gonar tana da nisa, wata rana bar jaki gida ka taka da ƙafa. Tafiya cikin rairayin jigawa ta fi tafiya bisa hanya aikatar da cinya. Da haka gona ta samu, jiki ya samu.

Motsi shida na cikin ɗaki

Na san abin da ke ranka: babba da ni, yara su gan ni ina wasa? Ba sai kowa ya gani ba. Bayan asuba, cikin ɗakinka, kafin gida ya tashi. Kwana 2 ko 3 a sati, ka tsallake rana ɗaya tsakani. Fara da ɗan zagaye cikin gida har jiki ya yi ɗumi.

1. Zama da tashi. Kife turmi ko ka samu kujera mai ƙarfi. Harɗe hannu bisa ƙirji, zauna a hankali, tashi ba tare da dafa gwiwa ba. Sau 10. Wannan shi ke riƙe cinya da gwiwa.

2. Tura bango. Tsaya taki ɗaya daga bango, dafa shi da tafin hannu biyu daidai kafaɗa. Kusanto da ƙirji, sannan tura kanka baya. Sau 10. In ya yi sauƙi, ƙara nisa.

3. Ɗaga ƙugu. Kwanta rigingine bisa tabarma, tanƙwashe gwiwa, tafin ƙafa a ƙasa. Ɗaga ƙugu sama, ƙirga 5, sauke. Sau 10. Wannan ne mai tsaron baya.

4. Ɗaukar bido. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. Zuba lita 5 cikin bido biyu, riƙe ɗaya a kowane hannu, yi taki 40 kana miƙe. Kowane sati ƙara lita ɗaya, har ka kai 10.

5. Tsayuwa da ƙafa ɗaya. Tsaya kusa da bango don tsaro. Ɗaga ƙafa ɗaya, ƙirga 10, sauya. Buri shi ne ka kai 30. Mai iya wannan ba ya saurin faɗuwa bakin rijiya ko wajen hawa rumbu.

6. Miƙa. Aza ƙotar hauya bisa kafaɗu, riƙe ta da hannu biyu, juya dama, juya hagu, a hankali. Sannan ɗora diddige bisa turmi, miƙe gwiwa, ɗan sunkuya har ka ji bayan cinya ya ja. Ƙirga 20, ba fizga.

Kada ka riƙe numfashi wajen yunƙuri. Satin farko jiki zai yi tsami kwana ɗaya ko biyu, wannan ba komi. Amma zafi mai suka cikin gaɓa, wannan tsayawa ake yi. In sau 10 ya zama wasa, huta kaɗan ka maimaita. Sannu ba ta hana zuwa. Wanda ya fara sati 8 kafin watan bakwai zai ji bambanci ranar da ya ɗauki sungumi.

Ranar aiki

Tun 1967 Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta ba da shawara kada a ɗora wa namiji ɗaya abin da ya wuce kilo 55. Buhunmu na hatsi kilo 100 ne. Kira mutum ya kama maka, ko ka raba shi biyu. Ba ragwanci ba ne. In za ka ɗauki kaya, matso kusa da shi, buɗe ƙafa, tanƙwashe gwiwa, rungume shi jikinka, tashi da cinya. Kada ka murɗa ƙugu da kaya a hannu, juya da ƙafa.

Wajen noma, kowane ƙarshen layi miƙe tsaye, dafa ƙugu, ɗan karkata baya sau 3. Sauya hannun da ke gaba bisa ƙota lokaci lokaci. Ƙotar da ta yi maka gajarta, sake ta.

A bazara zafi yana wuce digiri 40, mai aiki cikin rana kuwa yana iya zubar da lita ɗaya ta zufa cikin awa. Tafi da gora, sha kafin ƙishirwa ta kama ka. Fitsari in ya yi ja kamar shayi, ruwa bai isa ba, ƙoda ce ke wahala.

Ke kuma, uwar gida

Ke ba ki da zaman rani. Daka, jan guga, icce, ga gamanarki da damana. Abin da jikinki ke nema shi ne sassauci da miƙa. Yi motsi na 3, na 5 da na 6. Raba kayan kai biyu, ki yi sawu biyu, kada ki ɗauka ba gammo. Wajen daka ki matso turmi, ki ɗan saki gwiwa. Bayan al'ada ta ɗauke, ƙashin mace yana saurin raguwa. Nono da miyar kuka da zogale suna da abin da ƙashi ke so. In kina jin nauyi a mara ko fitsari yana kubce miki wajen ɗaukar kaya, faɗa wa ungozoma ta likita, akwai taimako. Kai kuma mai gida, amalanken da ke kai kara kasuwa yana iya ɗauko ruwa da icce.

Abin da ke gina tsoka

Hatsi yana ba da ƙarfin aiki, amma abin gina jiki da ke cikinsa wajen kashi 1 ne cikin 10. Na wake da na gujiya ya kai wajen kashi 1 cikin 4. Ga kuskuren da muke yi: da kaka mu sai da wake duka da arha, da damana mu yi noma da farau-farau. Ware tiya kaɗan na wake, zuba cikin bido mai murfi, cika shi fal, toshe da kyau don ƙwari su rasa iska. Kada a buɗe sai noman fari. Ƙuli-ƙuli, kwaruru, nono cikin fura, ƙwai, soyayyar fara, duk suna gina jiki. Gishiri kuwa a rage: ma'aunin babba bai kai giram 5 ba a rana, wato ƙaramin cokali ɗaya, har da wanda ke cikin dunƙulen miya.

Ƙwayar da ke cin bashi

Akwai masu cewa sai da tramol suke iya noma. Wannan ƙwaya ba ta ƙara ƙarfi ko kaɗan. Rufe bakin ciwo take yi, mutum ya ci gaba da ɓarna a jikinsa bai sani ba. Tana kama mutum har ya kasa bari, tana kawo farfaɗiya, kuɗinta kuma daga rumbu suke fita. Ƙwayoyin ciwon jiki na ƴan talla su ma, in ana sha kullum ba abinci, suna cin ciki, suna ɓata ƙoda. Wanda ya riga ya saba, ya je likita a taimake shi ya rage a hankali.

Yaushe za ka je likita?

Kafin ka fara, je a auna maka jini. Hawan jini ba ya sallama, sau da yawa shanyewar ɓarin jiki ce alamarsa ta farko. In awo ya kai 14 bisa 9 ko ya wuce, koma a sake aunawa, ka bi abin da aka ce. Ciwon baya na yau da kullum yakan lafa cikin ƴan satittika, kuma tafiya a hankali ta fi kwanciya saurin warkar da shi. Amma kada ka jira in ka ga ɗaya daga cikin waɗannan: ciwon ƙirji ko jiri wajen aiki, numfashi yana yankewa ba dalili, ƙafa ta mutu ko ta rasa ƙarfi, fitsari ya ƙi fita ko ya ƙi riƙuwa, kumburi a matsematsi mai fitowa in ka yunƙura. Mai ƙaba ko gwaiwa kada ya yi motsi na 4 sai likita ya duba shi. Akwai asibiti a Mayahi, akwai a Tasawa.

Kai da ka yi karatun yaƙi da jahilci, karanta wa maƙwabcinka wannan takarda. Ku haɗu ku uku ko huɗu, ku riƙa tambayar juna: yau ka yi? Rubuta lambobinka a bayan littafi, sau nawa ka tashi daga turmi yau, sau nawa bayan wata ɗaya. In malamin gona ya zo zagaye, nuna masa tare da irin shibkarka.

Allah ya ba mu lafiya, ya kai mu damana mai albarka.