Donald Crowhurst da Tseren da Ba Ya Son Lashewa

A watan Maris na 1968 jaridar Sunday Times ta Landan ta sanar da wata gasa mai suna Golden Globe. Sharaɗinta gajere ne: mutum ɗaya tak, cikin jirgin ruwa mai tafiya da iska, ya tashi daga Birtaniya ya zagaye duniya ya dawo, ba tsayawa a wata tasha, ba karɓar taimako. Babu wanda ya taɓa yin haka. Francis Chichester ya zagaye duniya shi kaɗai a 1966 zuwa 1967, amma ya yada zango a Sidni ta Ostireliya. Kowa na iya tashi ranar da ya ga dama tsakanin 1 ga Yuni da 31 ga Oktoba. Wanda ya fara dawowa zai ɗauki kofi, wanda ya fi kowa sauri kuma zai karɓi fam 5,000, kuɗin da a wancan zamani ke iya sayen gida.

Mutum tara suka shiga. Wanda ya tashi daga garin Teignmouth, ranar da wa'adi zai cika, shi ne Donald Crowhurst, injiniyan lantarki ɗan shekara 36, mai mata da 'ya'ya huɗu. Bai ƙware a tsakiyar teku ba. Yawon ƙarshen mako yake yi kusa da gaɓa. Yana da ƙaramin kamfani mai ƙera na'urar gane alƙibla ta rediyo, mai suna Navicator, kuma kamfanin na gab da durƙushewa. Lissafinsa shi ne gasar ta tallata masa hajarsa. Wani ɗan kasuwa, Stanley Best, ya zuba kuɗin gina jirgi, amma da sharaɗi mai tsauri: idan Crowhurst ya janye da wuri, sai ya sayi jirgin da kuɗinsa. Ma'anar haka ita ce gida da sana'a duk su salwanta.

Jirgin, Teignmouth Electron, irin mai gangar jiki uku ne a jere. Irinsa yana da gudu, amma in ya kife ba ya miƙewa. An gina shi cikin gaggawa, aka tashi da shi ba a gama shi ba. Jakar iska da Crowhurst ya ƙirƙira a saman sandar jirgi don ta hana shi kifewa ba a haɗa ta ba. Tiyon famfon kwashe ruwa ma an bar shi a tudu. Cikin makonni biyu ruwa ya soma shiga, yana kwasa da bokiti. A Atilantika ana iya wannan. A tekun kudancin duniya kuwa, inda igiyar ruwa ke tashi ba nahiyar da za ta tare ta, ba a iyawa. Ya rubuta a kundin tafiyarsa cewa in ya shiga can, tsirarsa rabi da rabi ce. Gaba kura, baya sayaki.

Sai ya samo hanya ta uku. A farkon Disamba ya aika da saƙo cewa ya ci mil 243 a kwana guda, abin da jaridu suka buga a matsayin sabuwar bajinta. Ƙarya ce. Chichester ya nuna shakka tun a lokacin, amma labarin ya yi wa mutane daɗi, kuma jami'in yaɗa labaran Crowhurst, Rodney Hallworth, gwani ne wajen ƙara gishiri. Daga nan Crowhurst ya fara riƙe kundi biyu, na gaskiya da na bogi.

Wannan aikin ya fi yadda ake zato wuya. A lokacin matuƙin ƙaramin jirgi ba shi da na'urar tauraron ɗan'adam da za ta nuna masa inda yake. Yakan auna tsayin rana daga bakin sama da na'ura, ya duba agogo, ya yi lissafi, sannan ya san matsayinsa. Mai son yin ƙarya dole ya juya lissafin baibai: ya zaɓi wurin da yake so a ce yana nan, ya gano tsayin da rana za ta kasance a can a wannan sa'a, ya rubuta kamar shi ya auna. Sai kuma ya saurari rahoton yanayi na yankunan da bai je ba, don kada ya rubuta sama garau alhali guguwa ake yi. Kullum haka, shi kaɗai, wata da watanni. Kuma tunda tashoshin rediyo na iya gane daga ina murya ke zuwa, a watan Janairun 1969 ya ce injin wutarsa na ba shi matsala, ya yi shiru kusan mako 11. Duniya na zaton yana tsallaka tekun Indiya, shi kuwa yana ta kai-komo a gefen Burazil da Ajantina. A farkon Maris ma sai da ya sauka a Rio Salado ta Ajantina ya nemi katako ya toshe tsaga, abin da shi kaɗai ya isa a kore shi daga gasar.

A can teku sauran na ta zubewa. Biyar sun janye. Bafaranshe Bernard Moitessier, wanda ake ganin shi zai kwashe komai, ya wuce Cape Horn lafiya, sai ya ga ba ya son komawa Turai. Bai yarda ya ɗauki rediyon aika saƙo ba, don haka a ranar 18 ga Maris, kusa da Cape Town, ya sa takarda a danƙon harbi ya cilla ta cikin wani jirgin dakon kaya, yana sanar da cewa ya fita daga gasar. Ya ci gaba da tafiya har Tahiti. Shi kuma Robin Knox-Johnston, a cikin ƙaramin jirginsa na katako mai suna Suhaili da aka gina a Bombay, ya iso Falmouth ranar 22 ga Afrilu bayan kwana 312. Kofi ya zama nasa. Amma jirginsa ba mai gudu ba ne, don haka fam 5,000 na nan tsakanin mutum biyu da suka tashi a makare: Crowhurst da Nigel Tetley, hafsan sojan ruwa mai irin jirgin Crowhurst.

A ganina nan ne labarin ya fi ban tausayi. Alamu sun nuna Crowhurst ba nasara yake nema ba. Ya buɗe rediyo a watan Afrilu, ya ce ya kusa Cape Horn, ya bi sahun masu komawa gida. Abin da zai fi masa shi ne ya zo bayan Tetley. Wanda ya zo na ƙarshe, a tafa masa a sallame shi, ba mai bin kundinsa layi-layi. Amma Tetley bai san haka ba. Abin da yake ji shi ne wani na tafe a bayansa kamar walƙiya. Jirginsa ya riga ya jigata, duk da haka ya matsa masa. Ranar 21 ga Mayu, saura masa kimanin mil 1,100 ya iso gida, jirgin ya tarwatse ya nutse. An ceto shi da ransa.

Da labari ya iske Crowhurst, ya san ta ƙare. Yanzu shi ne zakara ko ya so ko ya ƙi. Hallworth na aiko masa da saƙon irin tarbar da ake shiryawa, jiragen rakiya, 'yan jarida, dubban jama'a. Bayan tarba kuma Chichester da ƙwararru za su zauna da kundin. Ya daina tuƙi, ya bar jirgi yana yawo. A ƙarshen Yuni ya zauna ya rubuta kalmomi kusan 25,000 kan Allah da lokaci da lissafi da makomar ɗan'adam, rubutun wanda hankalinsa ya gushe. Shafin ƙarshe na ɗauke da 1 ga Yuli.

Ranar 10 ga Yuli jirgin dakon kaya Picardy ya ci karo da Teignmouth Electron a tsakiyar Atilantika, ba kowa a ciki. Ba a taɓa ganin gawarsa ba. Kundin gaskiya na nan a ajiye, bai jefa shi a ruwa ba, kuma da ya jefa da ƙila har yau ana lissafa shi cikin gwarazan da teku ta cinye daf da nasara. Kafin watan ya ƙare jaridu sun fallasa komai.

Cikin mutum tara Knox-Johnston kaɗai ya kammala, don haka kuɗin ma suka dawo gare shi. Ya miƙa fam 5,000 ɗin gaba ɗaya ga matar Crowhurst da 'ya'yansa. Tetley kuwa aka ba shi fam 1,000 na rarrashi. Ya gina sabon jirgi don ya sake gwadawa, bai sami mai ɗaukar nauyin tafiyar ba, ya mutu a 1972.