Maraƙin Ruwa-Biyu: Abin da Ya Gada da Abin da Ba Zai Gadar Ba

A farkon shekarun 1950 aka shigo da bijimai irin Brahman daga Amurka zuwa tashar binciken dabbobi ta Wakwa, kusa da Ngaundare a Kamaru, aka haɗa su da shanun Gudali na Adamawa. Ana neman sa mai saurin girma da cikar nama, wanda kuma zai jure kiwon daji. Girman kam an samu, don maraƙan sun fi na Gudali zalla nauyi. Sai dai kirci, ciwon fatar nan na damina, ya fi kama su fiye da shanun gida, kuma irin bai yaɗu a hannun makiyaya yadda aka yi fata ba. Duk mai shirin biyan kuɗin allurar barbara ya kamata ya san wannan labari.

Maraƙi yakan ɗauki rabin gadonsa daga uba, rabi daga uwa, amma a ido ba raba-daidai ake gani ba, domin wasu siffofin suna danne wasu. Bijimin Angus baƙi ne marar ƙaho, kuma duka siffofin biyu masu rinjaye ne, shi ya sa 'ya'yansa sukan fito da duhun gashi, galibi babu ƙaho. In uwar mai tozo ce, wasu mazan kan yi ɗan guntun ƙaho mai motsi. Hereford kuwa farar fuskarsa yake manna wa 'ya'yansa. Tozo yakan ragu. Waɗannan su mai saye yake fara kallo a kara, alhali ba su ne ke kawo riba ba.

Ribar tana cikin wani ƙarfi da ake samu idan an haɗa jini biyu masu nisa da juna. Ɗan haɗin farko yakan zarce matsakaicin iyayensa a kuzari da girma da tsallake cututtukan ƙuruciya, kuma ƙarfin ya fi bayyana idan aka haɗa mai tozo, kamar Bunaji ko Bokolo, da irin Turai marar tozo. Inda ya fi amfani ma shi ne a jikin mace: karsanar ruwa-biyu, in ta samu abinci, takan balaga da wuri, ta riƙa ɗaukar ciki a kan kari, ta shayar da ɗanta har ya ƙoshi.

To amma wannan ƙarfi aro ne. An ce kyan ɗa ya gaji ubansa, sai dai bijimin ruwa-biyu ba ya gadar da kyansa cikakke. Idan aka bar shi ya hau 'yan'uwansa ruwa-biyu, kusan rabin wancan ƙarin yakan zube a 'ya'yansu, kuma garke ya rikice: wannan ya yi kakansa na Turai ya kasa zafi, wancan ya yi kakarsa ya ƙi girma. A nan mutanenmu suka fi yin asara. Mutum ya ga sa ya yi kyau, ya ce wannan ba na sayarwa ba ne, na iri ne. A ganina shi ne ma ya fi cancanta a turke, a yi masa kiwon ƙiba, a miƙa wa mahauci.

Waɗanda suka mayar da haɗi ya zama iri tsayayye sun sha aiki na shekaru, da awo da rubutu da zubar da duk wanda bai yi ba. Haka gonar King Ranch ta Texas ta fitar da Santa Gertrudis, kashi 3 cikin 8 Brahman, kashi 5 Shorthorn, aka amince da shi a 1940. A Afirka ta Kudu kuma Farfesa Jan Bonsma ya gina Bonsmara, kuma kashi 5 cikin 8 na jininsa na Afrikaner ne, wato saniyar ƙasar. Jinin gida ya bari ya yi rinjaye.

Akwai kuma batun haihuwa. Manyan iri kamar Charolais na Faransa suna ba da maraƙi mai nauyi tun a ciki, ƙaramar karsana kuwa ƙugunta bai buɗe ba. Sai naƙuda ta yi tsanani, a rasa ɗa, wani lokaci har uwar. Saniyar da ta riga ta haihu ake zaɓa wa irin wannan, kuma da shawarar likitan dabbobi.

Sannan ciki. Jikin da ke saurin girma saurin ci yake yi. Bunaji za ta ratsa bazara a kan karan dawa da busasshiyar ciyawa, ta rame, ruwa na sauka ta murmure. Ruwa-biyu yana son harawa da dusa da angurya, da ruwan sha a kusa, da inuwa, da wankin kaska a kai a kai, kuma inda tsando yake sammore ba ya raga masa. Da zarar jinin Turai ya haura rabi, buƙatun nan sai su ƙaru, juriya ta ragu. Mai turke kusa da gari, da rijiya da rumbun abinci, zai iya cin moriyarsa. Makiyayin da ke tafiyar cin rani da garkensa kuwa, ya fi masa ya zaɓi bijimi mafi kyau daga cikin Bunaji ko Bokolo ko Azawak, ya dandaƙe sauran.