Ɗumin Ɗaki da Kuɗin Gas: Abin da Uwa Za Ta Sani Kafin Sanyin Turai Ya Kama

Duk uwar da ta yi sanyi ɗaya a Ingila ko Jamus ta san cewa bayan kuɗin haya, ɗumama gida na cikin abubuwan da suka fi cin aljihu. Lamarin ya ƙara tsananta a 2022, lokacin da yaƙin Rasha da Yukren ya sa gas ya yi tashin gwauron zabi. Har gwamnatin Jamus ta hana ɗumama ofisoshinta fiye da digiri 19 daga watan Satumba na shekarar. Tun daga nan masu zaman haya a gidajen bene suka karkata ga na'urorin daidaita ɗumi da ake sarrafawa ta waya. Ko suna rage kuɗi da gaske? Kuma ina lafiyar yara?

Yadda suke aiki

A yawancin gidajen, tukunyar gas ce ke zafafa ruwa, ruwan ya bi bututu zuwa radiyeta a kowane ɗaki. Na'urar zamani irin su Nest, wadda Google ya saya a 2014, da tado° ta birnin Munik, da Hive ta Birtaniya, tana auna ɗumin ɗaki ta tsayar da shi inda kika ce. Kina iya tsara mata lokaci: falo ya yi ɗumi kafin yara su tashi shirin makaranta, ya sauka idan kowa ya fita. Wasu suna gane kin bar unguwa ta hanyar wayarki, wasu kuma suna rufe radiyeta da kansu idan aka buɗe taga. Irin wadda ake ɗaurawa a kan radiyeta ba ta buƙatar fasa bango, sai dai ki adana tsohon kan, domin ki mayar ranar da za ki tashi.

Kamfanin Nest ya ce binciken da ya fitar a 2015 a Amurka ya nuna ragin kashi 10 zuwa 12 cikin ɗari na kuɗin ɗumama. Amma fa mai kaya ne ke yabon kayansa. Wadda dama take rage ɗumi in za ta fita, ribarta ba za ta kai ta wadda ke barinsa dare da rana ba.

Hali ya fi na'ura

Mu da muka tashi a ƙasar zafi mukan murɗa radiyeta zuwa lamba 5, da tunanin ɗakin zai fi saurin ɗumi. Ba haka ba ne. Lambar tana nuna inda ɗumin zai tsaya ne kawai. Lamba 3 kusan digiri 20 ce, kuma ta ishi falo. A Jamus ana ƙiyasta cewa rage digiri ɗaya na rage kusan kashi 6 cikin ɗari na makamashi. Don haka rigar sanyi da safa a cikin gida kuɗi ne a aljihunki.

Kada ki tare radiyeta da kujera ko labule. Kada kuma ki bar taga a ɗan buɗe wuni guda. Gara ki rage ɗumi, ki buɗe ta gaba ɗaya na minti biyar zuwa goma, sau biyu ko uku a rana. A Jamus, kashi 50 zuwa 70 na kuɗin ɗumama bene ana raba shi ne gwargwadon abin da kowane gida ya sha. Daga 2022 kuma, inda aka saka mitar da ake karantawa daga nesa, dole a riƙa sanar da ɗan haya abin da ya sha duk wata. Ki riƙa duba wannan saƙon.

Inda tsimi ke zama haɗari

A matsayina na ma'aikaciyar jinya, nan ne nake jan kunne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada ɗumin gida ya gaza digiri 18 lokacin sanyi, kuma tsofaffi da marasa lafiya na iya buƙatar fiye da haka. Sanyi na ɗaga hawan jini, yana tayar da asma. Jariri kuwa, a Birtaniya ana ba da shawarar ɗakin barcinsa ya kasance tsakanin digiri 16 da 20, saboda zafi da yawan lulluɓi na ƙara haɗarin mutuwar fuju'a cikin barci.

Kashe ɗumi ɗungurungum na sa bango ya yi sanyi, tururin girki da na shanya su kwanta a kansa, fumfuna ta fito. A Disamban 2020, Awaab Ishak, yaro ɗan shekara biyu, ya rasu a garin Rochdale na Ingila sakamakon daɗewa yana shaƙar fumfuna a gidan haya. Idan kin ga baƙin tabo a bango, ki ɗauki hoto, ki sanar da mai gida a rubuce, kada ki yi kawaici.

Abu na ƙarshe ya shafe mu duka, har da masu fama da hunturu a Kano, Jos ko Damagaram. Kada a kwana da kaskon gawayi a ɗaki rufe, kada a ɗumama ɗaki da murhun gas. Iskar da suke fitarwa ba ta da wari ba ta da launi, kuma tana kisa cikin barci. Ciwon kai, jiri da tashin zuciya da suka kama mutanen gida lokaci guda alama ce: a buɗe ƙofa, a fita, a garzaya asibiti.