KAMUN KIFIN HUNTURU A ƘASAR NORWE

Busasshen kifin nan mai tauri kamar itace, wanda Yarbawa ke kira panla, Ibo kuma okporoko, yawancinsa daga ƙasar Norwe ake kawo shi. Kifin ruwan gishiri ne, yana kiwo can kusa da ƙasan teku.

Tsibiran Lofoten, inda ake kamunsa, suna can arewa ƙwarai, amma tekunsu ba ya daskarewa, don akwai wani ruwa mai ɗumi da ke biyowa ta nan daga wajen Amurka. Daga Janairu zuwa Afrilu kifin yakan baro Tekun Barents ya zo nan zuba ƙwai. Sa'an nan ne masunta ke fita da taru da doguwar igiya mai ƙugiyoyi.

In an kamo, sai a yanke kai, a fid da hanji, a ɗaure su biyu-biyu ta wutsiya, a rataye bisa itatuwa. Ba gishiri, ba hayaƙi. Iska mai sanyi kaɗai ke busar da shi, wajen wata uku. Italiya ke sayen mafi kyau, kawunan kuwa Nijeriya ce babbar kasuwarsu.

To, amma kifin ya ragu. Norwe da Rasha su ke ƙayyade abin da za a kama kowace shekara. A 2013 sun yarda da tan miliyan 1, a 2025 kuwa tan 340,000 kaɗai. Watau fatake kada su yi mamakin tsada. Manomi dai ya san dalili: wanda ya cinye iri bana, ba shi da abin shukawa baɗi.