Shekara Guda da Littafin Ƙungiyar Masu Girki a Hannuna

Ga rubutaccen shirinmu na wannan mako, saboda waɗanda data ba ta bari suka saurara ba.

Wata 'yar'uwa ce ta aiko da tambaya. Ta ce shekararta uku tana girkin biki, ana ta matsa mata ta shiga ƙungiyar masu girki, amma ita abin da take gani kawai hotuna ne na mutane da fararen riguna da dogayen huluna. Ta ce, "Malam, kuɗina zan riƙa biya don a ɗauke ni hoto?" Sai da na yi dariya, don ni ma na taɓa faɗin haka. To Allah da ikonsa, a 2024 ni aka ɗora wa sakataren reshen ƙungiyarmu, littafin rajista da na taro duk a wurina suke kwana. Bari in bi miki shekarar nan tun daga farko, ke ma ki duba da kanki.

Da farko dai, wannan tsari yana da asali. Ƙungiyoyin ƙwararrun masu girki na ƙasashe suna da uwar ƙungiya, Worldchefs, wadda aka kafa a birnin Paris a 1928, kuma shahararren kukun nan na Faransa, Auguste Escoffier, shi aka fara ba shugabancin girmamawa. Yau tana da ƙungiyoyi a ƙasashe sama da 100. Mu ƙaramin reshe ne ƙwarai, amma ƙa'idojin gasa da wasu ranakun da muke kiyayewa duk daga can muka ɗebo su. Wanda ya san mahauta da Sarkin Fawa ba zai yi mamaki ba: masu sana'a ɗaya dole su sami inda za su zauna su daidaita kansu.

Watan Janairu watan rigima ne. Nan ake sabunta rajista, a karɓi kuɗin shekara, kuma nan tsohuwar gardama take tasowa: wane ne ƙwararre? Wani dattijo da ya yi sama da shekara talatin a kicin ɗin otal ya tashi ya ce duk wanda bai yi makarantar girki ba kada a rubuta shi. Wata Hajiya mai girkin biki ta bari ya gama tsaf, sannan ta ce, "Baba, Allah ya ƙara girma, amma ranar da ka aurar da 'yarka wa ka kira ta ciyar da mutanenka?" Wurin ya kaure da dariya, har shi Baban. Abin da muka tsayar shi ne, duk wanda girki wa jama'a ne abincinsa, otal ne ko biki ko shago, ƙofa a buɗe take, da sharaɗin zai zauna horon tsafta kafin shekara ta ƙare. Ni a ganina wannan ne hukunci mafi amfani da muka yanke a shekarar.

A Fabrairu idonmu yana Jamus. A birnin Stuttgart aka yi gasar IKA, wadda ake wa laƙabi da Olamfik ɗin masu girki. An fara ta tun 1900 a Frankfurt, duk shekara huɗu ake yi, kuma a 2024 Finland ce ta zo ta ɗaya a rukunin ƙasashe. Mu a waya muka kalla. Abin da ya fi ɗaure wa yaranmu kai shi ne yadda tawaga guda take dafa abinci kala uku na mutum 110, kuma faranti na ƙarshe ya fito kamar na farko.

Ku bari in tsaya kaɗan a kan yadda ake ba da maki, don mutane da yawa ba su gane ba. A tsarin Worldchefs maki 100 ne. Wanda ya samu 90 zuwa sama ya ci zinare, 80 zuwa 89 azurfa, 70 zuwa 79 tagulla. Kun ga ke nan mutum biyar suna iya cin zinare a gasa ɗaya, kuma ana iya tashi babu wanda ya ci. Da ma'auni ake gwada ka. Rabin makin na ɗanɗano ne, sauran rabin kuwa yana ga yadda ka shirya kayanka, tsaftarka, abin da ka zubar a kwandon shara, yadda ka jera faranti, da ko ka fitar a kan lokaci.

Da wannan tsari muka yi ƙaramar gasarmu bayan ƙaramar Sallah. Akwai wani yaro da ya yi dambun shinkafa da kaza, wallahi duk alƙalan sun yarda babu wanda ya kamo shi a daɗi. Amma a kan katakon da ya yanka ɗanyar kaza, a nan ya yanka kabeji da tumatir na haɗin salak, ko ɗauraya bai yi ba. Tagulla ya samu. Ya yi fushi, ya ce an yi masa son kai. Na zaunar da shi na ce, ƙanena, da a wurin biki ne, mutum nawa za su kwana a asibiti saboda salak ɗin nan? Bai ce komai ba. Da aka zo horon watan Yuni, shi ya riga kowa zuwa.

Na yi tsalle, bari in koma azumi, wanda ya faɗo a Maris zuwa Afrilu. A watan nan ba a taro, kowa yana bakin murhu: buɗa-baki na kamfanoni, ciyarwar masallatai, odar gidaje. Ƙungiya gaba ɗaya takan koma WhatsApp. Wanda aiki ya yi wa yawa ya miƙa wa wanda bai samu ba, mai neman mataimaka biyu na kwana goma ya rubuta, a tura masa waɗanda aka san hannunsu. Shekarar kuma ta zo da tsada mai tsanani. Zuwa tsakiyarta hauhawar farashin abinci a Najeriya ta haura kashi 40 cikin 100. Wanda ya yanke kuɗin aiki a Janairu, kafin ranar biki ta zo buhun shinkafa ya cinye ribar har ya taɓa uwar kuɗi. Sai muka ba mambobi shawara: a raba kuɗin hannu da kuɗin cefane, a rubuta a takarda, kuma farashin cefane kada ya wuce mako biyu ba a sake dubawa ba.

A cikin azumin ne kuma aka cuci wata mambarmu. Wani wurin taro, ba zan kama suna ba, ya sa ta yi buɗa-baki na kwana bakwai, aka ba ta rabi, sauran aka ce ta dawo bayan Sallah. Bayan Sallah aka daina ɗaga wayarta. Da ita kaɗai ce, da sai dai ta bar wa Allah. Ni na rubuta wasiƙa da hatimin ƙungiya, mu uku muka kai, muka gaisa da manajan cikin mutunci, muka shaida masa cewa har sai an biya ta babu mambanmu da zai ɗora tukunya a wurin. Kwana tara aka yi, kuɗinta suka shigo. Ba kullum ake dacewa haka ba fa, akwai wata shari'ar da har na sauka ba mu karɓo ko sisi ba, don babu komai a rubuce.

Ranar 7 ga Yuni ita ce ranar kiyaye lafiyar abinci ta duniya, a makon muke yin horon da na ambata. Babu mai ɗaukar hoto a nan, kuma shi ne zaman da na fi so. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa duk shekara mutum miliyan 600 ne suke rashin lafiya saboda gurɓataccen abinci, 420,000 suna mutuwa. Abin da ake koyarwa ba wuya gare shi ba. Ƙwayoyin cuta sun fi yaɗuwa tsakanin digiri 5 da digiri 60, saboda haka abinci ko dai ya zauna da zafinsa sosai, ko ya shiga firij. Dafaffen abinci kada ya wuce awa biyu a ajiye a fili. Nama da kaza su dahu har ciki ya kai digiri 70. To ku auna da yadda muke yi: a sauke jalof da hantsi, a zuba a kula, amarya ba ta iso ba sai bayan Isha'i. Sau nawa aka ce "cikin mutane ne ya lalace" alhali kular ce ta huce? A watan ne kuma kwalara ta ɓarke a Legas, sai maganar ruwan wanke ganye da wankin hannu ta shiga kunnen kowa ba tare da mun sha wahala ba.

Damina kasuwa takan ɗan lafa, sai mu tura matasa su yi karatu. Worldchefs tana da kwas na kyauta ta intanet ga masu fara koyo, ana ba da takardar shaida in an gama. Kada ku raina takarda. Na san mutanen da suka shekara goma sha biyar suna riƙe da kicin, amma ranar da aka zo ƙarin girma aka ɗauko yaro mai satifiket aka ɗora a kansu.

Sai 20 ga Oktoba, ranar masu girki ta duniya. Marigayi Bill Gallagher, wanda ya daɗe yana jagorantar ƙungiyar masu girki ta Afirka ta Kudu, shi ya assasa ta a 2004, kuma an fi karkata ta ga koya wa yara cin abinci mai gina jiki. Hotunan da 'yar'uwarmu take gani yawanci na ranar nan ne. Mun je wata firamare da wake, zogale, gyaɗa da lemo, yara suka kwaɗa da hannunsu suka ci. A watan ne aka yi babban taron Worldchefs a Singafo, wanda ake yi duk shekara biyu. Babu wanda ya je daga cikinmu, kuɗin jirgin mutum ɗaya ya fi abin da ke asusunmu duka.

Disamba biki ne a kan biki, da ƙyar muka sami yammaci ɗaya aka karanta lissafi. An tarar na manta ban rubuta kuɗin mutum huɗu ba, na sha tambayoyi, rasit ne ya cece ni.

Saboda haka 'yar'uwa, kafin ki biya, ki je taronsu sau ɗaya a matsayin baƙuwa. Ki tambaya yaushe suka yi horo na ƙarshe, wa ya koyar, kuma ko ana karanta lissafin kuɗi a gaban mambobi. Ki kuma tambaya ko sun taɓa karɓo wa wani haƙƙinsa. In kika ga ana kame-kame, ki riƙe kuɗinki tukuna.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu zauna a kan yadda ake rubuta takardar yarjejeniyar girkin biki, layi-layi. Mai tambaya ya ajiye ta a ƙasa. Sai mun haɗu.