Barin Rini, Komawa ga Furfura

Furfura na fitowa ne idan ƙwayoyin da ke tushen gashi suka daina samar da melanin, sinadarin da ke ba gashi baƙinsa. Rini gashin da ya riga ya fito kawai yake kamawa, shi ya sa bayan 'yan makonni fari ke sake leƙowa a goshi da gefen kunne.

Mai son daina rini sai ya yi haƙuri, domin tsawon gashi kimanin santimita 1 yake ƙaruwa a wata. Ga namiji da sauƙi: wanzami ya aske, shi ke nan. Mace mai dogon gashi kuwa takan shekara ɗaya ko biyu da kai mai launi biyu. Kitso da ɗankwali suna rufa asiri, tana datse bakin gashin kaɗan-kaɗan.

Shafa lalle ba mafita ba ne, yana mayar da furfura ja, kuma wanki ba ya fitar da shi. Baƙin rini mai sinadarin PPD kan jawo wa wasu ƙaiƙayi da kumburin fata. A ganina wannan kaɗai ya isa a bari. Furfura takan fi bushewa, a riƙa shafa mata man kaɗanya.